Agogon Nautilus: Mun haddace kuɗinsa, amma ba mu taɓa kallon sa ba

Na san ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan. Kana kwance da dare kana ta jan allon waya, sai ga wani mawaƙi ko ɗan ƙwallo ya fito daga mota, kyamara ta bar fuskarsa ta gangaro wuyan hannunsa, ta tsaya cak a kan wani agogo mai shuɗiyar fuska. Nan take lambobi su hau allo: dala dubu kaza. A ƙasa kuma mutanenmu sun rabu gida biyu, masu cewa "Allah ka ba mu" da masu cewa "wallahi wannan kuɗin ba na Allah da Annabi ba ne". Ka bi maganganun da kyau, da wuya ka ga wanda ya ce uffan a kan agogon kansa. Wane ne ya zana shi? Me ya sa yake da wasu kunnuwa biyu a gefe? Oho.

Sau da yawa agogon nan da ake haska mana Nautilus ne, na kamfanin Patek Philippe da ke birnin Geneva a ƙasar Suwizalan. A kansa nake so mu tattauna yau. Kada ka ɗauka ina da shi, ni da kuɗin data ma sai na yi lissafi. Abin da ya dame ni shi ne yadda muka mayar da abu mai tarihi ya koma lamba kawai, kuma wanda bai san komai game da kaya ba sai kuɗinsa, shi ne ya fi sauƙin cuta a kasuwa, shi ne kuma ya fi saurin jin cewa rayuwarsa ba ta kai ba.

Bari mu koma baya kaɗan. Ranar 25 ga Disamba, 1969, kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogon hannu mai amfani da batir, mai suna Astron. Da farko yana da tsada, amma cikin 'yan shekaru irinsa suka yi araha, ga shi sun fi agogon inji na Suwizalan riƙe lokaci daidai. Sai kasuwar Suwizalan ta fara rushewa. Masu aiki a masana'antar agogo a ƙasar, da suka kai kusan 90,000 a 1970, sun koma kusan 30,000 kafin ƙarshen shekarun 1980. Kamfanoni da dama sun rufe. Patek Philippe, wanda aka kafa tun 1839 kuma iyalan Stern suka saye shi a 1932, a lokacin an san shi ne da ƙananan agogon zinare masu maɗaurin fata, irin na dattawa masu kuɗi da ba sa son hayaniya. Tambayar da ke gaban irin waɗannan kamfanoni ita ce: idan agogon batir mai araha ya fi naka faɗin lokaci daidai, to me kake sayarwa?

Wanda ya kawo amsa wani mai zane ne ɗan Geneva, Gérald Genta, wanda aka haifa a 1931. Shi ba ma'aikacin kamfani ɗaya ba ne, zane yake yi ya sayar wa duk mai so, kuma a wancan zamanin kamfanoni ba su cika faɗin sunan wanda ya zana musu kaya ba. A 1972 kamfanin Audemars Piguet ya fito da wani agogo da ya zana masa, Royal Oak, na ƙarfe, mai kusurwa takwas da kusoshi takwas a bayyane a fuska. Mutane sun yi ta mamakin a ce agogon ƙarfe ya kai wannan tsadar. Shekara huɗu bayan haka, a 1976, sai Patek Philippe ya fito da Nautilus, shi ma daga alƙalamin Genta.

Labarin da shi Genta ya riƙa bayarwa shi ne, yana zaune a wani gidan cin abinci lokacin baje kolin agogo na birnin Basel, ya hango manyan Patek Philippe a wani tebur can gefe, sai ya nemi takarda da fensir, ya zana agogon cikin kamar minti biyar. Ni dai ina ɗaukar minti biyar ɗin nan da taka-tsantsan. Mutumin da ya yi sama da shekara ashirin yana zana agogo, tun Polerouter da ya yi wa kamfanin Universal Genève a 1954 yana ɗan shekara 23, in ya zana abu cikin minti biyar, ai shekara ashirin da minti biyar ke nan.

To me ya zana? Nan ne nake so ka ɗan rage gudu.

Ka tuno tagar babban jirgin ruwa, irin waɗanda ke ƙetare tekun Atilantika da fasinjoji, wadda ka saba gani a fina-finai. Ƙaramar taga ce mai kaurin gilashi da zoben ƙarfe kewaye da ita. A gefe ɗaya akwai maƙalin da take buɗewa a kansa, a ɗaya gefen kuma akwai abin da ake ɗaure ta da shi, ta danne roba tam, ruwa ya rasa hanyar shiga. Wannan tunanin Genta ya ɗauko ya ɗora a wuyan hannu. Kunnuwan nan biyu da kake gani a hagu da dama na agogon, su ne maƙalin taga da maɗaurinta. Kuma a Nautilus na farko, mai lamba 3700, aiki suke yi na gaske. Jikin agogon gida biyu ne kacal: gindi da tsakiya a dunƙule suke wuri guda, sai zoben sama da ake kifawa a kai. Ana zura ƙananan kusoshi ta cikin kunnuwan su haɗe biyun, su matse robar da ke tsakani. Babu murfin baya da za a buɗe, mai gyara ta gaba yake fito da injin. Da wannan dabara agogon ya iya jure ruwa har zurfin mita 120, alhali kaurinsa bai wuce milimita 7.6 ba. A lokacin, agogon da ke jure ruwa haka yawanci ƙato ne mai tudu. Wannan kuwa yana shigewa ƙarƙashin hannun riga lafiya lau.

Zoben saman kuma, in ka lura, ba da'ira ba ce sosai, kuma ba murabba'i ba ne. Kusurwa takwas ne da aka lanƙwasa gefunansu har suka yi laushi a ido. An kankare samansa da siraran layuka don ya dushe, an kuma goge bakinsa ya yi sheƙi kamar madubi, shi ya sa in mai shi ya motsa hannu sai ka ga haske na yawo a gefe-gefe. Sarƙar hannun ba liƙa ta aka yi daga baya ba, daga jikin agogon ta tsiro, tana sirancewa a hankali har zuwa maɓalli, gaɓoɓin tsakiya na ƙyalli, na gefe a dushe. Fuskar launinta tsakanin shuɗi da baƙi, da layuka a kwance kamar an ja su da rula. Hannaye biyu ne kawai, na awa da na minti, sai 'yar tagar kwanan wata a wajen ƙarfe uku. Ko hannun daƙiƙa babu. Faɗinsa milimita 42, wanda a 1976 babba ne ƙwarai, har aka yi masa laƙabi da Jumbo.

Injin da ke ciki ba ya buƙatar batir. Akwai wani ƙarfe mai siffar rabin da'ira da ke juyawa duk lokacin da ka motsa hannu, juyawar tasa ce ke ɗaure sifirin da ke tafiyar da agogon. Ga wani abu da masu cika baki ba su cika faɗa ba: asalin injin ba na Patek Philippe ba ne, daga kamfanin Jaeger-LeCoultre aka samo shi, kuma irinsa ne a cikin Royal Oak na farko. Wato manyan abokan hamayya biyu, mai zane ɗaya, tushen inji ɗaya.

Sunan kuma daga littafi ya fito. Nautilus shi ne jirgin ƙarƙashin teku na Kyaftin Nemo a labarin da marubucin Faransa Jules Verne ya fitar a 1870. Amma kada sunan ya ruɗe ka. Agogon masu nutso na gaske, irin Rolex Submariner ko Blancpain Fifty Fathoms da suka fito tun 1953, suna da zobe mai juyawa da mai nutso ke lissafa mintunan da ya yi a ƙarƙashin ruwa da shi. Nautilus ba shi da wannan. An yi shi ne don attajirin da ke son ya yi iyo da rana, ya je liyafa da dare, ba tare da ya sauya agogo ba. Tekun da ke cikinsa tekun hutu ne, ba na masunta ko matuƙa ba. Gara mu faɗi gaskiya a kan wannan.

An sa masa kuɗi kusan dala 3,100, abin da ya kusa kamo farashin agogon zinare na kamfanin a lokacin. Kamfanin bai ɓoye ba, a tallarsa ma alfahari ya yi da cewa ɗaya daga cikin agogo mafi tsada a duniya da ƙarfe aka yi shi. Saƙon a fili yake: kuɗin da za ka biya na aikin hannu da zane ne, tunda ƙarfen da kansa ba wani abu ba ne. Ka san me ya faru? Bai karɓu da wuri ba. Tsofaffin abokan cinikin kamfanin sun ga ya yi girma, ya yi kama da kayan aiki. Sai da aka fito da na mata a 1980, da wani matsakaici mai lamba 3800 a 1981, sannan kasuwarsa ta fara motsi. Agogon da yau ake rububinsa ya yi shekaru ana wuce shi a kanti.

Wanda ka fi gani a bidiyo shi ne mai lamba 5711, wanda aka fitar a 2006 don cikar Nautilus shekara 30. Shi an ƙara masa hannun daƙiƙa, an sa masa gilashi a baya don a riƙa ganin inji. Shekarunsa na farko lafiya lau, agogo ne mai tsada kamar sauran. Daga baya ne abin ya rikice, lokacin da Instagram ya yi ƙarfi, mawaƙa suka riƙa ambaton Patek a waƙa, masu neman riba suka gane cewa kamfanin ba ya yin da yawa. Duk abin da Patek Philippe ke ƙerawa a shekara, kowane iri, bai wuce kusan guda 70,000 ba, kuma na ƙarfe kaɗan ne a ciki. Sai layin jira ya koma na shekaru. Agogon da kuɗinsa a kantin kamfani bai kai dala 35,000 ba, ya koma ana sayar da shi sama da dala 100,000 a hannun 'yan kasuwa. Ka sayo yau ka sayar gobe ka ninka kuɗinka sau uku, in har an yarda an sayar maka.

Shugaban kamfanin, Thierry Stern, da kansa ya ga abin ya yi yawa. A 2021 ya sanar da daina yin 5711 na ƙarfe, yana mai cewa ba ya son agogo ɗaya ya shanye sunan kamfanin gaba ɗaya. Amma kafin a rufe babin sai aka yi bankwana da wani mai koriyar fuska, sannan a watan Disamba aka fitar da guda 170 masu launin shuɗin kamfanin Tiffany na Amurka, don cikar hulɗar kamfanonin biyu shekara 170. Kuɗinsa a kanti dala 52,635. Ɗaya daga cikinsu aka kai gwanjo a New York, aka saye shi dala miliyan 6.5, kuɗin kuma aka ba wata ƙungiyar kare muhalli. Ko da a ce dala tana naira 1,500, ka buga lissafin, kusan naira biliyan goma ke nan. Kwanaki kaɗan bayan haka aka ga Jay-Z da irinsa a hannu, intanet ta ɗauka.

Ka tsaya ka yi tunani a kan wannan. Inji ɗaya ne da na mai shuɗiyar fuska, ƙarfe ɗaya, sarƙa ɗaya. Launin fuska da ɗan rubutu ne suka bambanta. Tazarar da ke tsakanin dala 52,635 da miliyan 6.5 ba Genta ne ya zana ta ba, ba kuma masu goge ƙarfe a Geneva ne suka ƙera ta ba. Zumuɗin mutane ne, kuma zumuɗi yana sauka. Daga tsakiyar 2022 farashin irin waɗannan agogo a kasuwar hannu ya yi ƙasa sosai, lokacin da kuɗin kirifto suka faɗi, kuɗin ruwa a bankunan Turai da Amurka ya hau. Waɗanda suka saya a ƙololuwa don su ci riba sun ji a jikinsu. Su ba a yi musu bidiyo ba.

A shekarar ta 2022 kuma, shekara goma sha ɗaya bayan rasuwar Genta, an yi gwanjon zanen Nautilus da ya yi da hannunsa a takarda, aka saye shi sama da dala 700,000. Takarda da fenti, ba ta faɗin lokaci, ba a ɗaura ta a hannu. Wannan cinikin ya fi burge ni a kan na Tiffany, domin aƙalla wanda ya biya ya san abin da yake girmamawa.

Akwai wani ɗan abu da ya shafe mu kai tsaye. Wanda ya maye gurbin 5711 a 2022, mai lamba 5811, da farin zinare aka yi shi. A ido kamar ƙarfe yake, amma kashi 75 cikin ɗari zinare ne. Ga namiji Musulmi da ya san hukuncin sanya zinare, ka ga wanda aka daina yi ɗin shi ne wanda babu tambaya a kansa. Ni dariya ma abin ya ba ni: agogon da ya yi suna saboda ya nuna ƙarfe zai iya gogayya da zinare, ya zagayo ya koma zinare mai kama da ƙarfe.

Yanzu mu dawo gida. Na san wani zai ce, "Malam, ana fama da kuɗin makaranta da na mota, kai kana mana labarin agogon attajiran Turai, ina ruwanmu?" Da ruwanmu, tunda kwafinsa ya cika kasuwanninmu da shafukan masu sayar da kaya a WhatsApp da Instagram. Ka je wurin biki ko ranar Sallah ka kalli hannun samari, za ka ƙirga "Patek" fiye da yadda za ka gani a titin Geneva. Kuma jabun nan hawa-hawa ne. Akwai na 'yan dubbai mai batir, wanda hannun daƙiƙarsa ke tsalle ɗaya-ɗaya, alhali na gaske bugu takwas yake yi a daƙiƙa guda, shi ya sa kake ganin kamar sulalewa yake. Akwai kuma mai inji da ake sayarwa da tsada, a ce maka "kwafi ne mai lamba ɗaya". A nan ne ake yi wa yara illa, domin kuɗin da wani zai zuba a irin wannan ya isa ya sayi agogon gaske mai sunansa, har ya yi canji.

Wani kuma zai ce ai kowa ya san jabu ne, ado ne kawai, wa aka cuta? Na yarda ba kowa ke sa shi da niyyar yaudara ba, wani siffar ce ta burge shi. To in siffar ce, ai akwai hanyar halal. Tunanin agogon ƙarfe mai haɗe da sarƙarsa ya bazu tun shekarun 1970, kamfanoni da yawa na yin nasu da sunansu a rubuce. Tissot, misali, ya farfaɗo da wani samfurinsa na 1978 ya fito da PRX a 2021. Casio da Seiko da Citizen duk suna da masu irin wannan tsari. Babu wanda zai ce ka yi ƙarya in ka sa su. Amma da zarar an rubuta Patek Philippe a fuskar abin da ba shi ba, to ba siffa kake sawa ba kuma, sunan kake sawa, kana so wanda ya gan ka ya yi maka lissafin kuɗin da ba ka da su. Shi kuma ƙaninka da ke kallon hotonka bai san jabu ba ne. Abin da ya sani shi ne sa'an yayansa ya "fashe", shi kuma yana nan. Kai ka san irin hanyoyin da wannan tunanin ke jefa yara a yau, ba sai na lissafa ba.

'Yan'uwa mata, ku ma ban cire ku ba. Sau nawa aka auna saurayi da abin da ke hannunsa a hoto?

Abin da ya fi ba ni haushi, a matsayina na mai son zane, shi ne muna da masu hannu. Ka kalli aikin da ke jikin hular zanna ko wuyan babbar riga, ka kalli maƙeran azurfa na Agadas da masu dukancin Kano. Mutumin da ya iya kallon aska takwas a jikin riga ya gane aikin hannu daga na inji, ya isa ya kalli agogo ya tambayi dalilin kowane layi da ke jikinsa. Genta taga ya gani a jirgi, ya tambayi kansa yadda take hana ruwa shiga, ya mayar da amsar agogo. Ɗalibanmu masu koyon zane da masu ɗinki da masu haɗa hoto a waya za su ƙaru da wannan labarin fiye da yadda za su ƙaru da sanin abin da ke hannun Jay-Z. Idan bidiyon nan ya sake zuwa maka, ka dakatar da shi, ka faɗaɗa hoton. Ka nemi kunnuwan, ka ƙirga kusurwoyin, ka duba inda sarƙa ta haɗu da jiki, ka ga ko za ka iya gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara.

Akwai wani abokina a ajinmu da ya sayi nasa bara, bayan ya yi watanni yana tara kuɗi. Mai shagon ya rantse masa cewa ruwa ba ya shiga. Gaskiya ya yi kyau a hoto, har ni sai da na ce ya ara min na ɗauka. Wata rana da damina muna fitowa daga lacca ruwa ya tsuge, kafin mu kai inda za mu fake mun jiƙe sharkaf. Washegari ya nuna min agogon, gilashin ya yi gumi daga ciki, ba ka ko ganin hannayen. Ya binne shi a cikin ɗanyar shinkafa kwana biyu, gumin ya tafi, amma kwanan watan ya tsaya a 14, har yau bai motsa ba. Na karɓa na juya shi, na duba kunnuwan. Kusoshin da ke jiki ba sa kama komai, zane ne kawai aka buga a ƙarfen. Har yanzu yana sa shi ranar Juma'a, sai dai da ya ga hadari ya haɗo zai cire ya tura aljihu.